Rinin gashi mai ƙarfe da kafeyin: wanne mai juna biyu za ta bari, wanne za ta rage?

Da zarar ciki ya tabbata, shawarwari sai su yi wa mace rubdugu. Wannan ya ce kada ta kusanci rinin gashi har ta haihu, wancan ya ce ko kurɓin gahawa kada ta yi. Ana yi wa abubuwan biyu kuɗin goro, a jera su cikin abin da mai ciki ba ta yi, alhali haɗarinsu ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Macen da ta ɗauke su daidai wa daida, ɗayan biyu ne ke samunta: ko ta takura wa kanta a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko yawan hani ya gundure ta ta watsar da duka, har da wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Na biyun shi ne ya fi damuna.

Matsayina tun farko shi ne, kafeyin, wato sinadarin da ke cikin gahawa da shayi mai wartsake jiki, abu ne na awo, ana lissafa shi a tsaya a iyaka. Rini mai dalma kuwa ba shi da wani awo, barinsa ake yi gaba ɗaya. Rinin gashi na yau da kullum, wanda mata suka fi jin tsoro, shi ne ma mafi sauƙi a cikin ukun.

Wane rini ake nufi?

Ba kowane rini ke ɗauke da ƙarfe ba. Wanda muke magana a kansa ba a shafa shi sau ɗaya a ga baƙi nan take. Ruwa ne ko mai, sau da yawa ma ba shi da wani launi na kirki, ana shafa shi kullum, bayan mako ɗaya zuwa uku sai furfura ta fara dushewa, ta koma ruwan toka, daga nan ta yi baƙi-baƙi. Gishirin ƙarfen da ke cikinsa ne ke haɗuwa da farar wuta, wadda take cikin maganin da kuma cikin silin gashin kansa, sai su haifar da wani baƙin sinadari da ke lulluɓe gashin ta waje. Ƙarafan da aka saba amfani da su su ne dalma, azurfa da bismut, a wasu haɗe-haɗen kuma akwai jan ƙarfe. A jikin kwali za ki ga sunayensu da Turanci: lead acetate shi ne na dalma, silver nitrate na azurfa, bismuth citrate na bismut. Abin da ke sa mutane son sa shi ne canjin ba ya zuwa farat ɗaya, ba wanda zai gane an yi rini, kuma ana tallata shi da cewa yana "dawo da asalin launin gashi". Wannan kalami kaɗai ya isa ya sa ki juya kwalin ki karanta abin da ke ciki.

Na dalma shi ne babbar matsalar. Tarayyar Turai da Kanada sun daɗe da hana shi a kayan kwalliya. A Amurka an bar shi shekaru da dama, da sharaɗin kada dalmar ta wuce kashi 0.6 cikin 100, kuma a rubuta gargaɗi cewa kada a shafa a fatar kai mai rauni ko ƙujewa, kada a sa a gira ko gashin baki, a wanke hannu sosai, a nisanta shi daga yara. A Oktoban 2018 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, FDA, ta soke wannan izini, dokar kuma ta fara aiki a Janairun 2022 bayan an kammala duba ƙorafe-ƙorafe. Sai dai hani a wasu ƙasashe bai kawar da kayan daga duniya ba. Akwai tsofaffin kwalabe a gidaje, akwai waɗanda ake sayarwa ta intanet, akwai kuma garin rini da ake ƙullawa babu ko takardar da ke faɗin abin da ke ciki.

Gaskiya ne, dalmar da ke ratsa lafiyayyar fata kaɗan ce, kuma da wannan hujja aka kare maganin tsawon shekaru. Amma fata ba ita ce babbar ƙofar ba, baki ne. Rinin ba a wanke shi bayan an shafa, yana zaune a kan gashi yini guda. Hannu ya shafi kai, ya ɗauki abinci. A 1997 masu bincike a Jami'ar Xavier da ke birnin New Orleans na Amurka sun auna abin da ke saura bayan an yi amfani da irin waɗannan rinin, suka sami dalma a hannuwa, a mataji, da kan famfo. Akwai abin lura a nan da ba a cika faɗa wa mata ba: maza aka fi yi wa tallan wannan rini. Mai yiwuwa ke ba ki taɓa shafa shi ba, amma maigida na shafawa, kuna haɗa matashin kai da tawul da mataji, kuma ga ƙaramin yaro a gidan yana wasa da gashin babansa yana tura yatsu a baki. Don haka tambayar ba a kanki kaɗai ta tsaya ba, ta shafi duk abin da ke ajiye a gaban madubin gidan.

Me ya sa ake tsananta wa dalma haka? Domin jiki ba ya da wani amfani da ita, kuma ba ya iya narkar da ita. A jini takan ɗauki kusan wata guda kafin rabinta ya ragu, amma ba duka ke fita ba, yawancinta ƙashi take komawa ta zauna. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ya tara yana cikin ƙasusuwa, inda take iya shekaru gommai. Jiki na ɗaukar ta tamkar sinadarin kalsiyam ne. To, a lokacin goyon ciki, musamman watannin ƙarshe, da lokacin shayarwa, jikin uwa na zaƙulo kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, sai tsohuwar dalmar ta biyo shi ta dawo cikin jini. Mabiyiya ba ta tare ta. Tana isa ga ɗan tayi a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. An danganta ta da ɓari, haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyin jariri, hawan jini ga uwa, da raguwar kaifin fahimtar yaro daga baya, irin raguwar da ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Na azurfa da na bismut ba su kai nan ba, kuma bai dace a tsorata mutane da su kamar dalma ba. Bismut har yanzu halal ne a rinin gashin kai a Amurka, shi ne ma kamfanoni suka koma wa bayan an soke dalma. Na azurfa yana ɓata fata da baƙi, yana kuma cutar da ido idan ya shiga. Amma binciken da aka yi a kansu ga masu ciki kaɗan ne ƙwarai, kuma abu ne da ake shafawa kullum a bar shi a kai. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mace ta riƙa ɗora wa kanta shi har wata tara ba, ga wasu hanyoyin a buɗe.

Wurin da ƙarfe ya fi ɓuya shi ne cikin lallen da aka yi wa haɗi. Lalle tsantsa launi ɗaya yake bayarwa, ja mai ratsin ruwan lemo. Duk garin da aka ce lalle ne amma yana ba da baƙi wuluk ko wani launi dabam, an ƙara masa wani abu: ko ganyen baba, wanda shi ma tsiro ne, ko gishirin ƙarfe, ko sinadarin PPD. Shi PPD ba ƙarfe ba ne, amma idan ya yi yawa yana haddasa borin jini mai tsanani, fata ta kumbura ta yi bororo, kuma wanda ya taɓa kamuwa yakan kasance ba ya shiri da sinadarin har abada. Kalmar "na ganye" a jikin leda ba shaida ba ce. Shaida ita ce cikakken jerin abin da ke ciki.

Rinin da aka saba da shi, wanda ake haɗa kwalba biyu a kwaɓa a shafa a wanke bayan kamar rabin awa, labarinsa dabam ne. Yana da warin amoniya, yana iya tayar wa mai laulayi da zuciya, amma abin da ke ratsa fata ya shiga jini ɗan kaɗan ne. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce yawancin binciken da ake da shi, duk da ba shi da yawa, ya nuna babu laifi mai ciki ta yi rini, kuma wadda take so ta ƙara kiyayewa tana iya jira sai bayan makonni 12 na farko. A sa safar hannu, a buɗe taga, kada a wuce lokacin da aka rubuta, a ɗauraye kai sosai, a kuma gwada a ɗan wuri a fata awa 48 kafin ranar, ko da kin saba da shi, domin ciki na sauya yadda fata da gashi ke karɓar abu. Idan aka rina silin gashi kawai ba tare da an taɓa fatar kai ba, ya fi ma sauƙi. Wadda sana'arta ke nan, tana rina kan mutane daga safe zuwa dare, ita ce ke buƙatar ƙarin kula da safar hannu da shigar iska, don ita kullum take cikinsa.

Shi kuma kafeyin fa?

Shi ma yana ratsa mabiyiya, babu abin da ke tare shi. Bambancin shi ne hanta na narkar da shi, ya fita. Ga babba mai lafiya, cikin kamar awa 5 rabin abin da ya sha ya ƙare. Ciki na rage wa hanta wannan sauri, har a watannin ƙarshe lokacin ya kan kai wajen awa 15. Wato kofi ɗaya da kike sha da safe kafin ki sami ciki, yanzu wani sashensa na nan a jininki har washegari. Shi kuwa ɗan tayi hantarsa ba ta riga ta iya wannan aiki ba, yana jiran ta uwarsa ne.

A nan hukumomi sun ba da lamba. Kwalejin Likitocin Mata da Haihuwa ta Amurka a 2010, da Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai a 2015, da NHS, duk sun tsaya a kan miligiram 200 a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na awon ciki na 2016 ta ce wadda ke shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage, don kauce wa ɓari da ƙarancin nauyin jariri.

Lambar na da sauƙin faɗi, kiyaye ta ne ke da wuya, saboda mutane gahawa kawai suke ƙirgawa. Bisa ƙiyasin NHS, babban kofi na gahawar gari da ake zuba wa ruwan zafi yana da kamar miligiram 100, na wadda ake tacewa 140, na shayi 75, gwangwanin lemon kola 40, gwangwanin lemon ƙara kuzari mai mililita 250 kuma 80. Cakulan mai duhu giram 50 bai kai 25 ba. Koren shayi ma yana da shi, ba kamar yadda wasu ke zato ba. Yanzu lissafa: tatacciyar gahawa ɗaya da shayi ɗaya sun ba da 215, an riga an wuce. Shayi biyu da lemon kola ɗaya 190 ne, ana ciki amma a bakin iyaka. Sai kuma wanda aka fi mantawa da shi, maganin ciwon kai. Wasu ƙwayoyin farasitamol da aka yi wa ƙari suna da miligiram 65 na kafeyin a kowace ƙwaya, biyu sun zama 130. Haka wasu magungunan mura. Idan kika ga guarana ko sinadarin goro a jerin kayan haɗin wani abin sha, shi ma kafeyin ne da wani suna. Gahawar shago kuwa ba ta da tabbas: wani bincike da aka yi a birnin Gilasgo na Birtaniya a 2011 ya auna ƙaramin kofin gahawa mai kauri daga shaguna 20, aka sami daga miligiram 51 har zuwa 322. A wani shagon kofi ɗaya tak ya haura iyakar yini.

Shin 200 ɗin katanga ce, wadda ke ƙasa ta tsira, wadda ke sama ta shiga uku? A'a, kuma ya kamata a faɗa wa mata yadda hujjar take. A 2008 wani babban bincike a Birtaniya, kan mata sama da 2,600 a Lids da Lesta, ya nuna cewa yawan kafeyin na tafiya tare da ƙarancin girman ɗan tayi, kuma bayansa ne ƙasar ta sauke iyakarta daga 300 zuwa 200. A shekarar kuma wani bincike a Kalifoniya ya sami ƙarin ɓari ga masu shan 200 zuwa sama. Amma irin waɗannan nazarce-nazarce kallo suke yi, ba gwaji ba, kuma akwai wani abu da ke rikita su. Ciki mai ƙarfi yakan zo da laulayi mai ƙarfi, mai laulayi kuma ko warin gahawa ba ta so. Don haka wani lokacin ba gahawar ce ta jawo ɓarin ba, cikin ne tun asali ba shi da ƙwari, bai sa uwar ta tsani gahawa ba, ta ci gaba da sha. Da aka yi gwaji na zahiri a Denmak, wanda aka wallafa a 2007, an raba mata kimanin 1,200 masu shan kofi uku zuwa sama a rana gida biyu a rabin ciki na biyu, wasu aka ba su gahawa mai kafeyin, wasu wadda aka cire wa. Ba a ga bambanci na a zo a gani ba a nauyin jarirai ko tsawon cikin. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masana da ke cewa tunda wasu binciken sun ga ɗan raguwar nauyi ko a ƙasa da 200, gara a bari baki ɗaya. Abin da yawancin binciken ke nunawa shi ne haɗarin na hawa ne tare da yawan abin da aka sha. Wadda ta iya bari ba ta yi asarar komai ba. Wadda ta tsaya a kofi ɗaya na shayi ko na gahawar gari ba ta da dalilin kwana da fargaba.

Idan kin saba da yawa, kada ki yanke rana ɗaya. Ciwon kai da kasala sukan fara cikin awa 12 zuwa 24, su iya kai mako guda, sai ki ga kin koma neman maganin ciwon kai, wataƙila ma mai kafeyin a ciki. Ki riƙa ragewa a hankali: ƙaramin kofi maimakon babba, a gauraya rabi da wadda aka cire wa kafeyin, a tsame ganyen shayi da wuri. Lemon ƙara kuzari shi ne na farko da zan ce a ajiye, don sukarinsa da sauran haɗinsa ba su da wani alheri ga mai ciki.

Idan aka ajiye su gefe da gefe

Kafeyin ya fi shafar mata da yawa, kullum, kuma a nan ne aka fi yin kuskure ba tare da sani ba. Amma kuskure ne mai gyaruwa. Kika wuce iyaka yau, kika rage gobe, cikin 'yan kwanaki jikinki ya fitar da shi. Rini mai dalma ba kowa ke haɗuwa da shi ba, kuma abin da ke shiga jiki a shafa ɗaya ɗan mitsitsi ne, sai dai shi taruwa yake yi, ya jira ciki na gaba da na bayansa. A kafeyin, gardamar masana a kan nawa ne ya yi yawa. A dalma babu mai gardama cewa guba ce, abin tambaya kawai shi ne nawa ke isa baki daga kai, kuma wannan ba abu ne da uwa za ta iya aunawa a gida ba. Kafeyin kina iya ƙirga shi da kofi. Dalma ba ki gani, ba ki jin ta, kuma yawancin waɗanda take jininsu ba sa nuna wata alama.

Sannan a duba abin da ake rasawa. Barin kafeyin na da ɗan wahala ta gaske ga mace mai aiki da ba ta samun isasshen barci, shi ya sa ba na son a riƙa ɗora mata laifi a kan kofi ɗaya. Barin rini mai ƙarfe kuwa ba ya cin ta komai, domin akwai wasu rinin da suka fi shi kyau a ido, ba sa busar da gashi su sa shi kakkaryewa kamar yadda shi yake yi.

Akwai inda hanyoyin biyu suka haɗu, kuma yana da muhimmanci. Jikin da ke da ƙarancin sinadarin ayon mai ƙara jini ko kalsiyam ya fi zuƙar dalma daga hanji. Shayi da gahawa kuma, idan aka sha su tare da abinci, suna rage ayon ɗin da jiki ke samu. Mai ciki dama tana cikin haɗarin ƙarancin jini. Saboda haka a bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin shayi da abinci, kuma kada a haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shayi, a sha ta da ruwa.

Idan kuma kin riga kin yi amfani da rinin da kika gano yana da dalma, ko maigida ne ke shafawa, kada hankalinki ya tashi, amma kada ki yi shiru. A daina daga yau, a fitar da kwalbar daga inda yara ke kaiwa, a wanke mataji da tawul da rigar matashi. Ki tafi da kwalin wurin awon ciki ki nuna wa likita ko ungozoma, ki faɗi tsawon lokacin da aka yi ana shafawa. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna gaskiyar lamarin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a jagorarta ta 2010 ta ce idan mai ciki ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini, a binciko tushen a kuma riƙa maimaita gwajin. Maganin da ke fitar da dalma daga jini likitoci na ajiye shi ne don matakin da ya yi sama sosai, kuma a hannun ƙwararru. Kada ki sayi wani abu da aka ce yana "wanke guba" ki sha da kanki.

Gashin da ya sha rinin ƙarfe shi ma yana da nasa sharaɗi. Idan aka ɗora masa rinin kwalba biyu, ko maganin haskaka gashi, ko na lanƙwasa shi, sinadarin na iya yin faɗa da ƙarfen da ke kwance a kai: gashi ya ɗau zafi, ya koma kore-kore, ko ya tsittsinke. Ki gaya wa mai gyaran gashi abin da kika taɓa shafawa, ta yanki ɗan sili ta gwada a gefe tukuna. Sau da yawa mafita ita ce a jira sabon gashi ya fito, a riƙa datse tsohon kaɗan-kaɗan har ya ƙare.